Gaba da Baya a Idon Mai Hoto: Matsayin Hausa Wajen Koyon Ɗaukar Hoton Shimfiɗar Ƙasa a Kuchigoro

1.0 Gabatarwa

Ɗaukar hoto na daga cikin sana'o'in da suka shigo ƙasar Hausa bayan zuwan Turawa. Kamar sauran 'yan'uwanta irin su tuƙin mota da gyaran rediyo da ɗinkin keke, yawancin masu yin ta a wurin maigida suka koye ta, kuma harshen koyarwar Hausa ce wadda aka yi wa barbaɗen kalmomin Ingilishi. Wannan hanya ta wadatar muddin abin da ake ɗauka mutum ne, wato hoton fasfo ko na biki ko na suna ko na salla. Matsala tana tasowa ne idan aka juya kyamara zuwa ga dutse da fadama da sararin sama, domin kalmomin da littattafan Turai ke bayyana tsarin irin wannan hoto da su an gina su ne a kan yadda mai jin Ingilishi yake kallon sarari, alhali kuwa kallon Bahaushe ya sha bamban da wannan a wani muhimmin wuri.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ginshiƙan ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa guda uku, wato tsari da haske da sarrafa na'ura, tare da duba kalmomin da Hausa ta tanada wa kowanne. An ɗauki Kuchigoro da ke Babban Birnin Tarayya a matsayin fagen misali. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, aron kalma ba shi da illa a ɓangaren na'ura, Hausa kuma ta wadatu a ɓangaren abin da ido ke gani. Inda haɗari yake shi ne fassarar kalma da kalma.

2.0 Kuchigoro da Shimfiɗarta

Kuchigoro, wadda wasu ke rubutawa Kuchingoro, tana cikin ƙaramar hukumar birnin Abuja, wato AMAC, a gefen babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa mai zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Wanda ya fito daga cikin birni yakan iske ta jim kaɗan bayan ya wuce Ƙofar Birni, kafin ya kai Lugbe. Asalinta ƙauyen Gbagyi ne, al'ummar da Hausawa ke kira Gwari, kuma tana nan tun kafin dokar soja mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu 1976, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ƙauyukan da ke bakin wannan titi sun cika da baƙi masu neman abinci daga ko'ina cikin ƙasa. Daga shekarar 2014 kuma 'yan gudun hijira, akasarinsu daga Gwoza ta Jihar Barno, suka kafa sansani a Sabuwar Kuchigoro. Hausa na daga cikin harsunan da ke haɗa waɗannan al'ummomi a kasuwa da tasha da wurin koyon sana'a.

Dalili biyu suka sa wurin ya dace da wannan bayani. Na farko, ƙasar Abuja ƙasa ce ta duwatsu da tuddai da kwaruruka, wadda ta bambanta da shimfiɗaɗɗen filin Kano ko Katsina. Dutsen Aso, mai tsawon kimanin mita 400, da Dutsen Zuma na Jihar Neja, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100 tun 1999, su ne fitattu, amma ƙananan irinsu sun warwatsu a duk yankin. Na biyu, shimfiɗar tana sauyawa cikin gaggawa: inda ake noman doya da masara bana, baɗi sai a iske rukunin gidaje. Hoton da aka ɗauka da kyau yakan zama shaidar yadda wuri yake kafin ya sauya. Idan matasan da ke zaune a wurin ba su iya ɗaukarsa ba, to, tarihin ƙasarsu zai kasance a hannun baƙi masu wucewa a mota.

3.0 Kalmomin Sana'ar Hoto a Hausa

Tushen ilmin kyamara ya daɗe. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayani a cikin Kitabul Manazir kan yadda haske ke bi ta ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya zana surar abin da ke waje a kife. Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda ya wanzu har yau shi ne na Nicéphore Niépce a Faransa, a 1826 ko 1827, kuma abin lura shi ne hoton rufin gidaje ne da sarari da aka hango ta taga. A Nijeriya kuwa, tun a ƙarshen ƙarni na 19 Jonathan Adagogo Green (1873–1905), mutumin Bonny, yake wannan sana'a.

Da sana'ar ta iso ƙasar Hausa, harshen ya karɓe ta ta hanyoyi biyu sanannu. Ta farko ita ce aro tare da daidaita kalma da tsarin sautin Hausa:

(1) a. hoto: sautin /f/ na farkon kalmar asali ya koma /h/ saboda wasalin /o/ da ke biye, kamar yadda ake samun fura da hura a kare-karen Hausa.
b. fim: an shafe /l/ domin gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu.
c. kyamara: an ganɗanta /k/ na farko.

Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar aikatau na gida:

(2) a. ɗauki hoto
b. wanke hoto
c. fim ya ƙone
d. hoto ya fito

Misali na (2b) ya samo asali ne daga tsoma fim da takarda cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu. Yau da na'urar bugawa ke fitar da hoto ba tare da ya taɓa ruwa ba, har yanzu wankin hoto ake cewa. Wannan ya nuna cewa kalmar da ta fito daga cikin harshe takan daɗe fiye da na'urar da ta haife ta.

Sai dai duk waɗannan kalmomi sun taso ne a gidan hoto, inda mutum ke tsayawa ya fuskanci kyamara, a bayansa kuma a rataye labule mai zanen bishiyoyi ko gidan sama. A nan kalmar baya ba ta da wani ruɗani, domin mutum yana da gaba yana da baya, kuma labulen a bayansa yake. Dutse da ɗorawa kuwa ba su da fuska ba su da ƙeya.

4.0 Tsarin Hoto

Abin da ake nufi da tsari shi ne zaɓen abin da zai shiga cikin hoto da abin da za a bari a waje, da kuma inda kowane abu zai zauna. Ido yakan tace abin da yake gani, ya manta da turken lantarki ko tarin shara da ke gefe, amma kyamara ba ta tacewa. Saboda haka darasin farko ga mai koyo shi ne ya bi gefuna huɗu na hotonsa da kallo kafin ya latsa.

4.1 Fagen Kusa da na Tsakiya da na Nesa

Hoto shafi ne mai tsawo da faɗi kawai, ba shi da zurfi. Hanyar da ake sa mai kallo ya ji kamar akwai zurfi ita ce a jera abubuwa hawa uku: wani abu dab da kyamara, wani a tsakani, wani can nesa. A Kuchigoro, alal misali, ana iya samun kunyar doya a hawa na farko, rufin kwanon gidaje a na biyu, tuddai ko dogayen gine-ginen birni a na uku.

Ingilishi yana kiran hawa na farko da kalmar da ma'anarta ta zahiri ita ce "filin gaba", hawa na uku kuma "filin baya". Wanda ya fassara su haka zuwa Hausa ya jefa ɗalibinsa cikin ruɗani. Hill (1982), a nazarinsa na kwatanta Hausa da Ingilishi, ya nuna cewa idan abubuwa biyu marasa fuska suna jere a gaban mai magana, mai jin Ingilishi yakan ɗauka kamar suna fuskantar sa ne, saboda haka na kusa shi ne na gaba. Bahaushe kuwa yakan ɗauka kamar sun ba shi baya, suna kallon inda yake kallo, saboda haka na nesa shi ne na gaba. A duba waɗannan jimloli:

(3) a. Lugbe tana gaba da Kuchigoro.
b. Dutsen yana gaba da ɗorawar.
c. Dutsen yana bayan ɗorawar.

Duk wanda ya fito daga cikin birni ya ji (3a) ya san sai ya wuce Kuchigoro kafin ya kai Lugbe. Haka ma a (3b), ɗorawar ce kusa da mai magana, dutsen yana nesa. Jimla ta (3c) an fi jin ta idan ɗorawar ta kāre dutsen, wato ta ɓoye shi ga mai kallo. Ashe ke nan kalmomin biyu, gaba da baya, duk suna iya nuni ga abin da ke nesa, gwargwadon ko ana ganin sa ko ba a gani.

Sakamakon wannan a wurin koyarwa a fili yake. Idan maigida wanda ya koyi sana'a da Ingilishi ya ce wa yaronsa:

(4) Nemi wani abu ka sa a gaba.

abin da yake nufi shi ne yaron ya nemi dutse ko kututture kusa da ƙafarsa. Yaron kuwa yana iya ɗaga kai ya hangi nesa, kuma bai yi kuskure ba a bisa ƙa'idar harshensa. Laifin na fassara ne.

Mafita tana cikin harshen. Jaggar da Buba (1994) sun bayyana cewa nan da can sun kasu huɗu ta fuskar karin sauti: nân mai karin faɗau tana nuni ga wurin mai magana, nan mai karin sama ga wurin wanda ake yi wa magana, cân mai faɗau ga wurin da ke nesa da su duka biyu, can mai karin sama kuma ga wuri mai nisa ƙwarai. A magana ta baka, nân da cân da can sun yi daidai da hawa ukun nan. Amma da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, an fi so a rubuce a yi amfani da waɗannan:

(5) a. fagen kusa
b. fagen tsakiya
c. fagen nesa

Waɗannan ba su dogara ga fuskar abin da ake kallo ba, tazara kawai suke aunawa daga inda mai hoto yake tsaye.

4.2 Magamar Sama da Ƙasa da Rabon Uku

A kowane hoton shimfiɗa akwai layin da sama take haɗuwa da ƙasa, wanda za a kira magama a nan. Sharaɗi na farko shi ne kada ya karkace, domin ido yana saurin gane karkata ko da ƙarama ce. Na biyu shi ne a san inda za a ajiye shi. Sabon shiga yakan raba hoto biyu daidai, rabi sama rabi ƙasa, sai mai kallo ya rasa wanne ake so ya duba.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ta rabon uku, wadda John Thomas Smith ya fara ambata da wannan suna a 1797, a wani littafi kan zanen ƙauye. Ana raba hoto da layi biyu a tsaye da biyu a kwance, a sami gida tara. Idan hadari ne ya haɗo, shi ne abin kallo, sai a sauko da magama kan layin ƙasa, a bar wa sama kashi biyu cikin uku. Idan kuwa sama fayau take, ba gajimare, sai a ɗaga magama zuwa layin sama, a bar wa gona kashi biyu. Babban abin da ake son nunawa, dutse ne ko giginya, sai a aza shi a ɗaya daga cikin wurare huɗu da layukan suka gitta juna. Yawancin wayoyin hannu suna da wannan zane a cikin kyamararsu, sai dai a kunna shi. Ya kamata mai koyo ya san cewa wannan shawara ce ta masu zane, ana iya saɓa mata idan akwai dalili, kamar inda ruwa ya kwafi surar dutse, wanda raba shi biyu daidai ya fi kyau.

4.3 Layi da Ma'auni

Ido yana bin layi. Hanyar ƙafa da ta ratsa gona, ko jerin kunya, ko ƙorama, ko babban titin kansa, duk suna iya jan ido daga fagen kusa zuwa na nesa, musamman idan suka taso daga kusurwar ƙasa ta hoton. Haka kuma dutse ba ya nuna girmansa sai an ajiye wani abu da aka san girmansa kusa da shi, kamar bukka ko saniya ko mutum. Idan mutum ne za a iya gane fuskarsa, wajibi ne a nemi izininsa, musamman a wuri irin sansanin 'yan gudun hijira. Haka nan akwai wuraren tsaro a Abuja, kamar fadar shugaban ƙasa da barikokin soja, waɗanda ba a ɗaukar hotonsu sai da izini.

A wannan ɓangare Hausa tana da kayan aiki masu kaifi, wato sunayen sassan jiki da suka koma masu nuna wuri, waɗanda Newman (2000) ya yi bayaninsu:

(6) kan dutse, gindin dutse, bakin rafi, cikin kwari

Umarni irin "tsaya a bakin rafi ka sa kan dutsen a layin sama" ya fi kowace kalmar aro isar da saƙo.

4.4 Sunayen Shimfiɗa

Mai hoto ba ya iya tsara abin da bai bambance ba. Hausa ta bambanta dutse da tsauni da tudu da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Ta bambanta kwari da kwazazzabo. Ta bambanta fadama mai laima da fako mai tauri da jigawa mai rairayi. Ta kuma bambanta kogi da rafi da ƙorama. Kowanne yana da halinsa a gaban haske. Fa yana sheƙi bayan ruwan sama, fako yana mayar da haske har ya ruɗi kyamara, kurmi kuma yana haɗiye shi. Ya kamata a yi la'akari da cewa mutanen Gbagyi suna da nasu sunayen na waɗannan duwatsu da rafuka, kuma rubuta sunan wuri na asali a ƙarƙashin hoto aiki ne da ya shafi masanin harshe kai tsaye.

5.0 Haske

5.1 Lokutan Yini

Littattafan Turai sukan taƙaita shawararsu da cewa a ɗauki hoto a sa'ar farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta. Hausa ta yanka yini fiye da haka:

(7) asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru

Da sassafe da kuma la'asar sakaliya rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana zuwa daga gefe, inuwa ta yi tsawo, sai kunya da tsagar dutse su fito ɓaro-ɓaro. Launinsa ma yakan yi ja-ja, domin ya ratso iska mai yawa wadda ta watsar da shuɗin da ke cikinsa. Da hantsi ya ɗaga zuwa walaha wannan armashi yana raguwa. Da rana tsaka inuwa takan koma gindin abu, tudu ya yi kamar fili. Abuja tana wajen digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana hawa da sauri tana sauka da sauri, kuma sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, takan tsaya daidai bisa kai. Hasken almuru kuwa bai cika kai minti 25 ba, saɓanin ƙasashen Turai inda yakan daɗe. Wanda bai kafa kyamararsa tun da la'asar ba zai iske duhu ya riga shi.

Tsakiyar birni tana arewa maso gabas da Kuchigoro. Saboda haka mai son ɗaukar birnin daga nan, la'asar ce lokacinsa, sa'ad da rana take bayansa tana haska gine-ginen. Da safe zai fuskanci rana ne, abin da zai samu shi ne surar gini baƙa a jikin sama mai haske.

5.2 Lokutan Shekara

Damina a Abuja takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Bayan an ɗauke ruwa iska takan wanku, a ga tuddai masu nisa garau, ƙasa kore shar, gajimare kuma ya cika sama da siffofi. Da kaka ciyawa takan koma ruwan ɗorawa. Da hunturu, wato daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma hayaƙin ƙunar daji. Wannan shi ne hazo.

Sabon mai hoto yakan ɗauki hazo abokin gaba, domin yana dusashe launi yana shafe fagen nesa. Gwani kuwa yana amfani da shi. Hazo yakan sa kowane tudu ya fi na kusa da shi fari, sai su jeru hawa-hawa, zurfin da ake nema ya samu ba tare da wahala ba. Sharaɗin shi ne a sami abu mai duhu a fagen kusa, kamar reshen kaɗanya, wanda ido zai gwada sauran da shi.

5.3 Amsa-kama a Matsayin Ma'aunin Haske

Wajen shekarar 1940, Ansel Adams da Fred Archer na ƙasar Amurka sun tsara wata hanya ta auna haske, inda suka raba tazarar da ke tsakanin baƙi da fari zuwa matakai 11, daga 0 zuwa X, mataki na V kuma shi ne ruwan toka na tsakiya. Hausa tana iya bayyana wannan tsani ta hanyar amsa-kama mai ƙarfafa ma'ana da ninki mai sassauta ta:

(8) a. baƙi ƙirin: duhun da ba a ganin komai a cikinsa
b. baƙi-baƙi: inuwar da ake iya ganin tsagar dutse a cikinta
c. ruwan toka: matsakaici
d. fari-fari: hasken da bai shafe siffar gajimare ba
e. fari fat: hasken da ya cinye komai

Aikin mai hoto shi ne ya tsare muhimman sassan hotonsa tsakanin (8b) da (8d). Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani ruwan toka. Don haka idan aka nuna masa hazo mai haske sai ya rage, hoton ya yi duhu. Maganin wannan shi ne mai hoto ya ƙara haske da mataki ɗaya da hannunsa. Haka kuma garau da tar a gefe ɗaya, da dishi-dishi a ɗaya gefen, sun isa bayyana kaifin hoto da rashinsa.

6.0 Sarrafa Na'ura

Abubuwa uku ke ƙayyade hasken da ke shiga kyamara. Ana iya sanya musu suna ta hanyar ɗafa-goshin ma- wanda Hausa ke gina sunan wuri da na kayan aiki da shi, kamar a mashiga da mabuɗi.

Na farko shi ne mashigar haske, wato kafar da ke cikin idon kyamara, mai buɗewa da tsukewa kamar baƙin idon mutum. Ana auna ta da lambobi: f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. Kowace lamba tana shigar da rabin hasken wadda ta gabace ta, wato gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar kafa. A nan ma akwai tarkon harshe: idan aka ce "ƙara", yaro bai sani ba ko lambar zai ƙara ko kafar. Aikatau biyu, buɗe da tsuke, sun kawar da wannan shubuha. Tsukakkiyar mashiga tana sa fagen kusa da na nesa su fito garau tare, shi ya sa ake son f/8 zuwa f/16 a hoton shimfiɗa. Idan aka tsuke ta ƙwarai, kamar f/22, kaifin yakan fara raguwa saboda haske yana bazuwa a gefen ƙaramar kafa. An saba kuma saita kyamara a kan abin da ke wajen sulusin tazarar da hoton ya ƙunsa, maimakon a kan tudu mafi nisa.

Na biyu shi ne marufin haske, wanda ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. Ana auna tsawon ƙiftawar da kason daƙiƙa: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250. Gajeriyar ƙiftawa tana tsayar da motsi, doguwa kuma tana sa ruwa mai gudu ya yi laushi kamar auduga. Idan ƙiftawa ta yi tsawo, rawar hannu takan ɓata hoto, sai an ɗora kyamara a kan ƙafa-uku, ko a kan dutse idan babu.

Na uku shi ne ƙarfin jin haske na fim ko na farantin da ya maye gurbinsa a kyamarar zamani, wanda ake rubutawa ISO. Ƙaramar lamba, kamar 100, tana ba da hoto mai santsi. Babba tana taimakawa cikin duhu amma takan sa hoto ya yi tsaki-tsaki. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta haɗa ukun: idan rana tana haskawa sosai, a sa mashiga a f/16, ƙiftawa kuma ta yi kusa da lambar ISO, wato 1/125 ga ISO 100.

Idon kyamara shi ma iri-iri ne. A ma'aunin fim mai milimita 35, ido mai milimita 24 zuwa 35 yana kwaso fili mai faɗi, yana girmama na kusa yana ƙanƙanta na nesa; mai milimita 100 zuwa 200 yana jawo na nesa, ya matse tuddai kamar suna jingine da juna. Babban idon yawancin wayoyin hannu daga rukunin farko yake, kuma mashigarsa ba ta sauyawa. Wannan ne ya sa dutsen da ya cika ido yakan fito ɗan mitsitsi a waya. Abin da ya rage wa mai waya shi ne ƙafarsa: ya matsa, ya durƙusa, ya hau tudu, ya cika fagen kusa. Akwai kuma matacin haske da ake ɗaura wa idon kyamara don ya ƙara wa sama shuɗi ya rage ƙyalli. Ya fi aiki idan rana tana gefen kafaɗar mai hoto, kuma amfaninsa kaɗan ne a lokacin hazo.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kalmomin wannan fanni sun kasu uku. Akwai na na'ura, irin su kyamara da fim da ISO, waɗanda aronsu ya zauna, babu buƙatar a tayar da su. Akwai na abin da ido ke gani, wato sunayen shimfiɗa da lokutan yini da matakan haske, inda Hausa ta wadatu, har ta fi littattafan da ake fassarowa dacewa da hasken wannan yanki. Sai kuma na dangantakar wuri, inda fassarar kai tsaye take iya juya ma'ana, kamar yadda gaba da baya suka nuna.

Tun daga Hukumar Hausa ta 1955 zuwa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi ya fi karkata ga harshe da adabi da sha'anin mulki. Sana'o'in da ake koya a bakin titi su ma suna buƙatar irin wannan kulawa, kuma kafin a tabbatar da kowace kalma ya kamata a gwada ta a bakin masu sana'ar. A wuri irin Kuchigoro, inda da yawa daga masu jin Hausa suke da wani harshen uwa, akwai buƙatar a binciki yadda Gbagyi da harsunan Gwoza suke rarrabe gaba da baya, domin a san ko kalmomin da aka gabatar a (5) za su isar da saƙo ɗaya ga kowa.